Ƙarfen Tokare Ƙofa

Duk wanda ya san Malama ya san abu guda game da ita: ba ta taɓa buɗe baki ta ba mutum haƙuri ba. Tsofaffin ɗalibanta suna cewa ko ƙafarka ta taka, kai za ka ce mata sannu. Mai shagon da ke kallon gidanta ya ce ta taɓa watsa masa ruwan wanki a takalmi, sai ta tambaye shi me ya kawo takalminsa wurin. 'Yarta, mai aikin jinya, takan ce, "Umma ba mugunta gare ta ba, jan biro ne bai bar hannunta ba tun da ta bar aji." Marigayi mijinta kuwa, Mai Jita, an ce in aka kai masa ƙararta sai ya sunkuya yana gyara tsirkiya har mai ƙarar ya gaji ya tafi.

Wannan Malamar Sufeto ya tarar a gaban kanta da ya shigo ofis da safe. Tana zaune a kan benci, jaka a cinya, baya a miƙe. 'Yarta na jingine da bango, idanunta sun yi ja. Ta tsakanin ƙarafan bayan kanta kuma ana hango wani ƙaton mutum ya haɗa kai da gwiwa.

"Surukinta ne, yallaɓai," in ji Saje ƙasa-ƙasa. "Direban akori-kura. Jiya da yamma ta kawo ƙara, na ɗauko shi. Oga ya ce in ba a sami wani abu ba, gobe sai kotu."

Sufeto mutum ne marar gaggawar magana. Ya jawo kujera, ya gaishe ta, ya jira.

"Amfilifayar mijina aka sace," in ji ta.

"Mece ce ita, Malama?"

"Akwatin da ake jona wa jita ta yi ƙara. Kai ba ka yi makaranta ba ne?"

"Na yi, amma a makare."

Ta harare shi ta saman tabarau, ta ga ba ba'a yake yi ba, sai ta ci gaba. Tsohuwar aba ce, in ji ta, ta girmi 'yarta. Tun da Mai Jita ya rasu take zaune a ɗakin waje. Makon jiya wani dillalin kayan kiɗa ya zo ya duba ta, ya yi mata kuɗi, ya ce yana da mai saye. Jiya da rana ita da 'yarta suka tafi asibiti a duba mata ido. Da suka dawo, ɗaki a kulle yadda suka bar shi, amfilifaya babu.

"Mukulli nawa ne?"

"Nawa, da na wancan." Ta nuna bayan kanta da haɓa. "Shi ya kamata ya kai mu asibiti, ya ce yana da lodi a kasuwa."

"Na zagaya kasuwar, yallaɓai," in ji Saje. "Ba wanda ya ga motarsa."

"Ka ji ko?" in ji Malama, ta nuna 'yarta. "Na riga na gaya wa wannan, in an gama shari'a ta zaɓa, ko uwa ko ɓarawo."

"Umma, don Allah..."

"Ban sa da ke ba."

Sufeto ya dubi 'yar, ya dubi mutumin da ke bayan ƙarafa. Ya miƙe ya ɗauki hularsa.

"Mu je in ga ɗakin."

Ƙofar ɗakin ta lungu take kallo. Malama ta buɗe, Sufeto ya shiga, Saje na biye. Kafin Saje ya sa ƙafa ta biyu, ƙyauren ya dawo da kansa ya same shi a hanci.

"Riƙe shi mana," in ji Malama. "Ba ka ga a karkace yake ba?"

Ɗakin ƙarami ne. Kujerar katako, tsohon hoton wasu samari da kayan kiɗa, da wata jar jita a rataye tana ƙyalli. Sufeto ya daɗe yana kallon jitar. Ba ta da nauyi, tana da kyau, ko makaho ya shafa ta ya san kuɗi ce. Amma ɓarawo ya bar ta.

"Ita amfilifayar kyau gare ta haka?"

"Kyau? Yadinta ya koɗe, samanta duk ƙunar taba. Ga nauyi kamar buhun siminti."

A kusurwa ya ga sawun ƙafafunta a ƙasa. Ya durƙusa yana dubawa, sai Saje ya saki ƙyauren don ya ciro biro, ƙofa ta sake rufuwa da ƙarfi.

"Kai, wannan ƙofa!" Malama ta yi tsaki. "Har ƙarfen da nake tokare ta da shi ɓarawon ya haɗa. Don rashin kunya, sai ya kai wa masu gwangwan."

Sufeto ya waiwayo a hankali. "Wane ƙarfe?"

"Wani baƙin dunƙule ne mai mariƙi a sama. Cikin tarkacen marigayi na tsinto shi. Ba shi da wani amfani."

"Shi ma jiya ya ɓace?"

"Da safe na tokare ƙofa da shi na yi shara."

Ya tsaya yana kallon wurin da ƙarfen ya bar shaida a bakin ƙofa. Mutum ya bar jita, ya ɗauki abin tokare ƙofa. Abin ya tsaya masa a rai kamar tsakuwa a takalmi.

Mai shagon da ke kallon gidan bai ga kowa ba, saboda bakin lungun ba ta wajensa yake ba. Amma ya ji.

"Kiɗa na ji, ranka ya daɗe. Na ce yau Malama ta tuna da tsohonta, ta sa kaset. Sai da na daina auna sukari na tsaya."

"Daga nan fa?"

"Shiru. Shiru mai tsawo, har na sallami mutane da yawa. Can sai na ji kukan tayar baro a lungu."

"Ba mota ba?"

"Baro. Kuma a hankali. Ƙii... sai an jima, ƙii. Kamar mai tura tiren ƙwai."

Da suka fito Saje ya ce, "Dabara ce, yallaɓai. Ya ajiye motar nesa don kada a gane ta."

"Wataƙila. Amma ka taɓa ganin ɓarawon da ya yi kiɗa a gidan da ya shiga, sannan ya zauna ya huta?"

Saje ya shafa hancinsa.

Shagon Dillali cike yake da jitoci da ganguna da akwatunan sauti har rufi. Shi kansa ɗan gajere ne mai zobba, bakinsa ba ya hutawa.

"Hasara, Sufeto, babbar hasara! Irin wannan sau ɗaya take zuwa hannun mutum."

"Me ke cikinta haka?"

Dillali ya juya wata tsohuwar amfilifaya, ya kunna. A bayanta akwai wasu ƙwayayen gilas a jere, kamar ƙwan fitila. Sannu a hankali suka soma yin ja daga ciki.

"Ka ga waɗannan ƙwan? Su ne muryarta. Na zamani ba su da su. Ka kunna, su amsa nan take, amma murya ba gishiri. Waɗannan sai sun ɗumama, sannan su yi maka magana kamar mutum."

Sufeto ya matso ya sunkuya, ya ji ɗuminsu a fuskarsa. "To yaya kake yi mata kuɗi?"

"Abin da ba a taɓa ba nake nema. Yadin gaba na asali ne? Lasifikar ita ce ta haihuwa? An taɓa ɗiga sabuwar dalma a ciki? Wasu sai su wanke, su yi fenti, su kawo mini suna murna, ba su san rabin kuɗin suka wanke ba. Ta Mai Jita ko ƙurar cikinta ba a taɓa ba. Har ƙunar tabar na ce kada a goge."

"Wa zai saya?"

"Wani attajiri a ƙetare, mai tara irinsu. Ba ya ma kaɗa jita. Akwatin gilas yake sa su, da 'yar fitila a sama."

Sufeto ya miƙa hannu zai jawo amfilifayar don ya ƙara gani, Dillali ya tare shi.

"A'a, ba a motsa ta da zafi. Ƙwan in sun yi zafi, jijjiga kaɗan ta isa ta kashe su. In ka kashe sai ka jira ta huce, kuma ko ta huce a hankali ake tafiya da ita."

Sufeto ya janye hannunsa. Ya tuna da shirun mai shago da kukan baro. Idonsa ya bi wayar amfilifayar, ya ga ba bango ta nufa ba. Cikin wani baƙin dunƙulen ƙarfe mai mariƙi ta shiga, daga shi wata wayar ta tafi soket.

"Wannan fa? Da shi kake tokare ƙofa?"

Dillali ya kwashe da dariya. "Taransifoma ce ta rage wuta. An ƙera waɗannan don ƙasar da wutarsu ba ta kai tamu ƙarfi ba. Ka jona kai tsaye a bango, ka ji tas, sai hayaƙi."

"Malama na da irinta?"

"Ban gani ba. Da tawa na je."

"Mai sayen zai buƙace ta?"

"Ya yi me da ita? Ba kunnawa zai yi ba. Wanda zai sayar ba ya wahalar da kansa da wannan nauyin. Sai dai wanda zai kaɗa."

"Ranar da ka yi mata kuɗi, su wa ke ɗakin?"

"Malama, 'yarta, surukin. Sai wani dattijo siriri a bakin ƙofa. Ina maganar akwatin gilas ya tashi ya fita, ko sallama babu."

"Jiya ka ga surukin?"

Zobban Dillali suka daina motsi. "Ni? Rabona da shi tun ranar."

Sufeto ya yi masa godiya ya fito.

Ya sa aka kawo masa Direba ofis, ya ba shi ruwa, ya bari ya sha.

"Ina ka je jiya da rana?"

"Lodi, yallaɓai."

Sufeto bai musa ba. Ya zauna kawai yana kallon fanka. Shirun ya yi ta tsawo har Direba ya soma murza hularsa.

"Wurin Dillali na je," in ji shi daga ƙarshe.

"Yin me?"

"Ranar da ya zo, na ga hannunsa na rawa da ya leƙa bayan akwatin, amma bakinsa na kushewa. Ni direba ne, na san mai sayen mota in ta shiga ransa. Kuɗin da ya faɗa wa Umma bai yi kama da rawar hannun nan ba. Sai na je na ce masa ko ya ƙara, ko mu nemi wani."

"Me ya hana ka gaya mata?"

Direba ya ɗago da mamaki. "Yallaɓai, ai ka zauna da ita. Da kanta ta yi cinikin. Ni ne zan ce mata an ƙware ta? Wallahi gara bayan kanta."

Saje ya yi dariya, ya mayar da ita tari.

"Ƙarfen da ke bakin ƙofar ɗakin fa?"

"Wannan mugun? Sau nawa ya fasa mini yatsa."

"Me ake yi da shi?"

"Tokare ƙofa mana."

"Dattijon da ke bakin ƙofa ranar fa, wane ne?"

Fuskar Direba ta saki. "Baba Na-baya. Aminin marigayi ne. Shi ke kaɗa jita ta biyu a bayansa, shi ya sa ake ce masa haka. Shi ya haɗa ni da matata. Aski yake yi yanzu, a layin shagunan da nake ajiye mota."

Bayan an mayar da shi Saje ya ce, "Ko Dillali ya yarda sun haɗu, ai ya fi muni, yallaɓai. Haɗa baki suka yi."

"Haka Oga zai ce. Je ka bincika duk inda Direba ke ajiye kayansa. Ni zan je aski."

Shagon Na-baya kujera ɗaya ce da madubi mai tsaga a gefe, da labule a ƙurya. Dattijon ya ɗaura wa Sufeto ƙyalle a wuya, ya soma aiki da nutsuwa.

"Na ji an kama yaron nan," in ji shi. "Yaron kirki ne. Allah ya fitar da shi."

"Amin. Ka san amfilifayar, Baba?"

"Daga nesa. Marigayi ba ya bari kowa ya taɓa ta. Ni ko kunna ta ban iya ba. Rabona da jita ma tun kafin kan nan ya yi fari."

Ya sa hannun hagu ya karkata kan Sufeto. A madubi Sufeto ya ga kan yatsun: sun yi ja, kowanne da sabon layi a tsakiya, ɗaya har ya tashi ruwa. Almakashi ba ya yin haka.

Ya gyara zama, ya ɗora ƙafa a kan abin da ke ƙarƙashin teburin madubi, wanda aka lulluɓe da tsohon tawul. Ya ɗan tura shi da dunduniya. Bai motsa ba. A samansa akwai wani tudu kamar mariƙi.

Da ya so, da ya yaye tawul ɗin a lokacin. Amma ƙarfe kaɗai ba zai fitar da kowa ba. Dattijo zai iya cewa nasa ne tun zamanin kiɗa, Malama kuma ba za ta saki maganarta don dunƙulen ƙarfe ba. Ya biya kuɗin aski ya fito.

Bai yi nisa ba wayarsa ta yi ƙara.

"Yallaɓai, an gama!" Muryar Saje cike da murna. "Ga ta nan a siton bayan shaguna, ƙarƙashin tamfol ɗin Direba."

"Su wa ke ajiya a siton?"

"Duk 'yan layin. Amma tamfol ɗin nasa ne."

"Akwai baƙin ƙarfe mai mariƙi tare da ita?"

"Babu."

"Akwai soket a siton?"

"Ko ƙwan fitila babu."

"To, kada ka jijjiga ta. Ɗauko Direba, ka kira Malama da 'yarta. Ni zan biya in taho da Dillali."

A hanya Dillali ya yi ta rantse-rantse, sannan ya amsa cewa Direba ya je wurinsa. Sufeto ya ce wannan maganar ta jira tukuna. Abu biyu yake so: ya cire fiyus ɗin amfilifayar, don kada ta ƙone in an jona ta, ba tare da kowa ya lura ba, sannan ya kama bakinsa kome ya gani.

"Na biyun zai fi wuya," in ji Dillali.

La'asar ta yi sanyi lokacin da aka taru a bakin siton. Malama ta dubi akwatin, ta dubi Direba da ankwa a hannu, ta juya ga 'yarta.

"To, kin gani da idonki."

'Yar ta matsa kusa da mijinta.

"Kafin in rubuta cewa ita ce, sai na ji ta yi magana," in ji Sufeto. "Nan babu wuta. Shagon aski ya fi kusa."

Aka shigar da ita shagon Na-baya a hankali, aka ajiye a tsakiya. Dattijon ya ja baya ya jingina da labule, aska a hannu. Sufeto ya warware wayar, ya karɓi adafta daga Dillali, ya sa mata, ya nufi bango yana neman soket.

"Na saman ya fi kamawa, yallaɓai," in ji Direba. "Na ƙasan yana wasa."

"Madalla."

Sufeto ya kai filogin bakin soket. Bai yi sauri ba. Ya ji ƙarar aska ta faɗi a siminti.

"Kada!"

Hannun dattijon ya riƙe masa wuyan hannu da ƙarfin da ba wanda ya zaci yana da shi.

"Za ka kashe ta! Ba a ba ta wutar bango!"

"Ashe? Ɗazu ka ce ko kunna ta ba ka iya ba, Baba." Sufeto bai ɗaga murya ba. "To me ake ba ta?"

Na-baya ya sake shi. Ya dubi amfilifayar, ya dubi ƙarƙashin teburin madubi. Sannan ya durƙusa da ƙyar, ya yaye tawul, ya jawo baƙin ƙarfen waje.

"Ƙarfen ƙofata!" in ji Malama.

"Shi ya sa ban yarda cewa Direba ne ɓarawon ba," in ji Sufeto. "Wanda zai sayar ba ya buƙatar wannan. Wanda ya ɗauke shi ya san ba ta rayuwa sai da shi, kuma kaɗawa yake so ya yi. Saje, cire masa ankwa."

Dattijon bai tashi daga durƙuson ba.

"Ina da mukulli tun muna samari," in ji shi. "A ɗakin nan muke gwaji. Marigayi ya ba ni, ba wanda ya ce in mayar."

"Me ya kai ka?"

"Sallama na je yi mata. Duk rayuwata a bayansa nake tsaye, jitata a jone da wata 'yar aba mai kukan agwagwa, shi kuma yana gaba da wannan. Yakan ce mini, Na-baya, ranar da na gaji za ka hau. Bai gaji ba, mutuwa ya yi." Ya shafa saman akwatin wajen ƙunar taba. "Da na ji za a sa ta a gilas, na ce wannan ai binnewa ce. Na ce sau ɗaya dai in ji hannuna a cikinta. Na ɗauki jar jitar na kaɗa, na mayar da ita inda take. Na kashe, na zauna ina jira ta huce in lulluɓe ta. A wannan zaman ne zuciya ta ci ni. Ga baron magina a lungu. Na kai ta sito, na ja tamfol ɗin da na fara gani na lulluɓe ta."

"Wannan na gane," in ji Sufeto. "Abin da ban gane ba, yaron da ka haɗa aurensa ya kwana a bayan kanta, kai kuma kana nan kana aski."

Na-baya ya sunkuyar da kai. "Na zaci za a sake shi, tunda ba shi ya ɗauka ba. Da safe na sa takalmi zan zo. Ƙafa ta ƙi."

Direba na murza wuyan hannunsa, ya kasa kallon dattijon. Matarsa ta riƙe masa gefen riga.

Saje ya matso. Sufeto ya ɗaga masa hannu. Tun safe yake jin labarin wannan akwati a bakin mutane, kowa da abin da ya sani, shi kaɗai bai ji muryarta ba.

"Har yanzu ban rubuta cewa ita ce ba," in ji shi. "Dillali, mayar da abin da ka cire. Baba, akwai jita a bayan labulen nan?"

Akwai, wata tsohuwa mai ɓawon fenti. Dattijon ya jona ƙarfen a bango, ya jona amfilifayar a ƙarfen, ya kunna, ya jira. Ƙwan suka yi ja a hankali. Wani ɗan ƙamshi na ɗumin ƙura ya tashi. Sannan ya taɓa tsirkiya.

Ba ƙara ba ce kamar yadda Sufeto ya zata. Murya ce mai kauri da laushi, mai 'yar karkarwa a ƙarshe, kamar ta mutumin da ya daɗe bai yi magana ba. Ta cika shagon, ta fita ƙofa, mai facin taya na maƙwabta ya ajiye guduma. Yatsun dattijon na ciwo, ana gani a fuskarsa, amma bai tsaya ba. Sufeto ya saci kallon Malama. Hannunta da ke damƙe da jaka tun safe ya saki.

Na-baya ya kai ƙarshe, ya kashe, ya jingine jitar. Ya miƙa wa Saje hannuwansa.

"Ba sai da ankwa ba," in ji Sufeto. "Tafi da shi a hankali."

A bakin ƙofa dattijon ya waiwayo. "Kada a ɗauke ta yanzu. Ku bari ta huce."

Suka tafi. Waɗanda suka rage suka tsaya cirko-cirko a ɗan shagon, ba mai iya fita ya bar kayan, ba mai iya ɗauka. Jan ƙwan yana dushewa, gilas na ɗan ƙas-ƙas.

"Tunda jira muke yi," in ji Sufeto, "Dillali, gaya wa Malama inda surukinta yake jiya da rana."

Dillali ya yi gyaran murya, ya juya zobensa. "Wurina ya zo. Ya ce kuɗin da na yi mata ya yi kaɗan." Ya dubi amfilifayar. "Kuma... to, akwai abin ƙarawa. Ba kaɗan ba."

Malama ta juya ga Direba. "Me ya hana ka faɗa?"

"Umma, ke kika yi cinikin."

Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. Dillali ya ga kamar dama ce, ya ce in har yanzu ana sayarwa shi a shirye yake.

"In ma za a sayar, da shi za ka yi magana," in ji ta, ta nuna Direba da haɓa ba tare da ta dube shi ba.

Sufeto ya ɗauki hularsa zai ba su wuri.

"Tsaya, Sufeto. Kai ma, Dillali. Ke, kira mai facin can ya leƙo."

'Yarta ta dube ta da tsoro, amma ta kira shi. Malama ta ajiye jakarta a kan kujerar aski, ta tako har gaban Direba. Kanta bai wuce kafaɗarsa ba. Ta buɗe baki, ta rufe. Ta sake buɗewa.

"Ɗana."

Direba ya yi saurin rusunawa. "Umma, wallahi ba komai, ai..."

"Yi shiru, ban gama ba. A gaban mutane na kira ka ɓarawo, a gaban mutane zan faɗa." Muryarta ta ɗan karye, ta daidaita ta kamar mai karanta sakamako a gaban aji. "Ni na yi kuskure. Na zalunce ka. Ka yi haƙuri, ɗana, ka yafe mini."